Tafin Hannun Mai Kunne

Shekara ashirin da bakwai ana kiransa Mai Kunne, har matarsa in ya ɓata mata rai da wannan sunan take kiransa. Sana'arsa haɗa kayan sauti a gidajen mutane. Ya ja waya, ya kafa sifiku, ya daidaita su har mutum ya zauna a falonsa ya ji kamar jirgin da ke cikin fim ta kan rufinsa ya wuce. A layin masu kayan lantarki kowa ya san halinsa. Zai shiga ɗaki, ya tafa hannu sau biyu, ya karkata kai, ya ce, "Labulen nan yana cinye muku sauti," kuma in aka sauke labulen sai a tarar haka ne. Ɗan makirufon da ake sakowa a kwali don na'ura ta auna ɗaki da kanta kuwa, bai taɓa fitar da shi daga ledarsa ba. Cewa yake wannan sandar makafi ce, me mai ido zai yi da ita? Girman kai dai yana da shi, ba za mu ɓoye masa ba, amma a lokacin yana da abin yin sa.

To, shekara biyu ke nan kunnen Mai Kunne yana mutuwa. Na hagu ne ya fara, da wani gunji kamar injin niƙa a can ƙarshen unguwa, sannan na dama ya bi sahu. Abin da ya fara ɓace masa shi ne duma, sautin nan mai kauri da ke bugun ƙirji, wanda saboda shi ne ma mutane suke kiransa gidajensu. Magana yana kama ta in yana kallon bakin mai yi. Likita ya duba ya ce abin ba ya komawa baya, ya rubuta masa takardar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa, can take har yau.

Matarsa kaɗai ta sani. Wanda ba ya so ya sani kuwa shi ne Auta, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya wa riƙe filaya tun hannunsa bai iya zagaye ta ba. Yanzu Auta magidanci ne mai 'ya'ya uku, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, shi ke kula da shagonsu yana karɓar aiki, Mai Kunne yana fita gidaje. A ƙofar shagon akwai wata kujerar roba da ake ajiye wa tsofaffin layin, su zauna su yi ta gaisawa da masu wucewa har yamma. Wannan kujerar Mai Kunne yake tsoro. Ya san ranar da Auta ya gane, da ladabi da girmamawa zai ɗora shi a kanta, kuma ba zai sake tashi ba.

Saboda haka sai ya koyi aiki da tafin hannu. Ya kunna kaya, ya dafa jikin sifika kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ji yadda take rawa, ya murɗa har rawar ta yi daidai da abin da hannunsa ya tuna. Masu gida suna ganin haka sai su ɗauka wani sirrin gwaninta ne, har su riƙa kiran iyalinsu su zo su gani.

Ranar Talata da safe, yana ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur, matarsa ta zagayo ta tsaya a gabansa, don ta daina yi masa magana ta baya.

"Maigida, ka faɗa wa Auta."

"In faɗa masa me?"

"Abin da ka sani na sani. Ɗan'uwanka ne fa, ba kishiyar sana'a ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Wa ya ce miki yau ranar wanka ce? Shekara biyu ina aiki, ko gida ɗaya an taɓa kawo ƙara?"

Ta matsa ta ba shi hanya. Wannan hujjar ce yake kashe mata baki da ita kullum, kuma gaskiya ce, ba a taɓa kawo ƙara ba. Ya tayar da babur ya tafi.

Aikin ranar a gidan wata dattijuwa ne, ungozoma da ta yi ritaya. Ɗanta da ke aiki a nesa ne ya aiko mata da kayan, wai don ta rage kaɗaici. Ta tarbe shi da fara'a, 'yar gajeriya mai tabarau da igiya, ta kai shi falo ta nuna masa kwalaye.

"Ga su nan, Malam. Na ce masa rediyo ta ishe ni, ya aiko min da waɗannan samudawa. Ka ga wannan ai ya fi ni tsawo."

Ba ta yi ƙarya ba. Sifiku biyu ne dogaye, an lulluɓe su da baƙin yadi tun daga sama har ƙasa, ba a ganin abin da ke cikinsu. Irin masu wufa a ciki ne, wato kowace ɗaya tana ɗauke da babban faifan duma a gindinta da ƙaramin injin da ke tuƙa shi, shi ya sa bayan wayar sauti kowacce tana bukatar nata soket ɗin wuta. Sai ta tsakiya mai fitar da magana, da ƙanana biyu na baya, da amfilifaya, uwar kayan duka.

Mai Kunne ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga. Wannan ɓangaren na aiki har yanzu nasa ne, babu mai ƙwace masa. Ya auna da taku daga doguwar kujera zuwa talabijin, ya tsayar da dogayen biyu hagu da dama, ya janyo su kamu ɗaya daga bango don duma ta samu wurin numfashi, ya ɗan karkato fuskokinsu zuwa inda dattijuwar take zama. Tun lokacin gini mai wayarin ya binne wayoyin sauti a cikin bango, bakinsu na leƙowa ta ƙananan ramuka. Kowace waya tagwaye ce, ɗaya da farin zane a jikinta, ɗaya babu. Ya feƙe bakinsu, ya murza zaren tagullar ya haɗe, ya ɗaura mai zane a jan kai, marar zane a baƙin kai, a bayan sifika haka, a bayan amfilifaya haka. Ya sa filogin kowace doguwa a soket, 'yar fitilar bayanta ta kama. Ya ɗauki rimot ya shiga saiti, ya shaida wa amfilifaya cewa na gaba manya ne kuma babu wata wufa a gefe, don ta tura duma gaba ɗaya cikin dogayen. Maɓallin ƙarfin duma da ke bayan kowacce ya tsayar da shi a tsakiya.

Sannan ya saka faifan gwajinsa, wurin da ake tsawa da ruwan sama. Ya dafa ta hagu, tana rawa. Ya dafa ta dama, tana rawa, daidai wa daida. Ransa ya yi sanyi. Ya juyo ya ce, "Mama, zauna ki ji."

Ta zauna, ta naɗe hannu a cinya, ta saurara. Ta tashi ta je kusa da ta hagu, ta tsaya. Ta dawo ta zauna. Yana kallon bakinta lokacin da ta ce, "Malam, ruwan ina jin sa sarai. Amma tsawar kamar ba ta da ciki. In na tsaya jikin wannan sai in ji ta har tafin ƙafata, in na dawo nan na zauna sai ta gudu."

Mai Kunne ya juya ya kalli dogayen biyu. Ya san wannan ciwon kamar yunwar cikinsa. In aka juya waya a sifika ɗaya, to faifan wannan yana turawa na waccan yana ja, sai su kashe juna a tsakiyar ɗaki, daidai inda mutum yake zaune. Da can, kafin ya gama shigowa ɗaki zai ji. Ya durƙusa ya sake duba ta hagu, mai zane a ja. Ta dama, mai zane a ja. Bayan amfilifaya, duk daidai. Ya je ya zauna a kujerar, ya karkata kai irin yadda ya saba, bai ji komai ba sai injin niƙan da ke cikin kansa. Ledar makirufon tana nan a kan tebur, ya kalle ta. Bai ma san ta inda ake fara aiki da shi ba, kuma Auta kaɗai zai iya tambaya.

Ido ya ce daidai ne, hannu ya ce daidai ne. Sai tsoro ya sa shi ya faɗi abin da bai taɓa zaton zai fito daga bakinsa ba.

"Mama, kayan lafiyarsu lau. Kin san kunne ma tsufa yake. Duma ce take fara ɓace wa mutum in shekaru suka ja."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ta ce, "Haka ne ko? Shekara arba'in ina ɗora kunnen nan a cikin mata ina jin bugun zuciyar jariri. Ashe shi ma ya gaji." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "To, ai kai ne gwani. Allah ya yi albarka, ka sha wahala."

Ta raka shi har bakin ƙofa, amma ba ta sake yin zolayar samudawa ba.

Ya koma gida da rana tsaka bai biya shago ba. Aka kawo abinci ya tura gefe. Kunya ce take cin sa, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Ya ɗauki ciwonsa ya jingina wa baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, ya bar ta ita kaɗai a falo tana zargin kunnenta. Matarsa ta tambaye shi sau biyu, ya ce kansa ne ke ciwo. Ta dube shi ta ƙyale, don labarin zuciya a tambayi fuska.

Kashegari da hantsi ya yanke shawara. Zai koma, ya buɗe ledar makirufon nan, ya yi ta lalube har Allah ya sa ya gane, in ya so ya ce mata wani ɗan saiti ya manta. Babu wanda zai sani. Da wannan ya shiga layin gidan, sai ya hango babur a ƙofa, ja, mai tsagaggen madubin dama. Shi ya tsaga madubin da kansa bara, da ya ara a wurin Auta.

Dattijuwar ce ta buɗe masa. Yau fuskarta a sake take.

"A'a, ga babban ma ya zo! Shigo, Malam. Ai ƙanenka ya ce min haka tsarinku yake, kai ka haɗa, kashegari shi ya zo ya sake dubawa. Wallahi kun iya aiki. Bari in dafa muku shayi."

Auta yana durƙushe a bayan doguwar hagu, tocila a baki, makirufon nan an fitar da shi daga leda an tsayar a kan kujera. Da ya ɗago ya ga yayansa, sai ya cire tocilar a hankali ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannuwansa, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Yaya, ina kwana."

"Me kake yi a nan?"

"Mai wayarin ne, Yaya. Wayar hagu ba ta kai ba, sai ya yi mata ƙari a cikin bango, ya haɗa ta a juye. Mai zanen da ta shiga can ba ita ce ta fito nan ba. Ba laifinka ba ne, kowa zanen zai bi."

"Ban tambaye ka mai wayarin ba. Tun yaushe?"

Auta ya sunkuyar da kai. Mai Kunne ya ce, "Ɗago ka kalle ni in za ka yi magana." Yana faɗa ya gane ya tona kansa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Auta ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Shekara ɗaya da rabi. Tun gidan mai kemis ɗin nan. Ya kira ni ya ce akwai wani gurnani da ba ya tsayawa ko an kashe fim. Na je na ji shi tun daga tsakar gida, Yaya."

"Ita ta faɗa maka." Matarsa yake nufi.

"Wallahi Anti ba ta taɓa ce min uffan ba. Ni ma ban taɓa ce mata ba."

"Gida nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Ƙarya kake, kai da kake ƙirga ƙusa."

"Talatin da ɗaya."

Mai Kunne ya nemi hannun kujera ya dafa. Gida talatin da ɗaya. Duk sanda ya dawo shago yana murza gashin baki yana cewa an gama, Auta ya ce sannu da aiki Yaya, kashegari ya ce zai je sayo waya. Shi kuwa har faɗa yake masa, wai yawon sayen waya ya yi yawa, a sayo da yawa mana a ajiye. Ashe rashin ƙarar da yake kashe wa matarsa baki da shi, ga inda ya samo asali. Baƙin ciki ya taso masa, ya rasa wanda zai ɗora wa, sai ya koma fushi.

"Wato ka mayar da ni abin tausayi. Kana bin bayana kana share min kashi kamar jariri."

"Haba Yaya. Wasu gidajen ma ba na taɓa komai. Jan wayarka har gobe babu mai yin irinsa a layin nan."

"Jan waya! Almajirin wata uku ma yana jan waya." Ya ɗauke makirufon daga kan kujera ya ajiye a ƙasa, ya zauna a wurin. "Ka gyara ta?"

"Ban kai ga juyawa ba ka shigo."

"Madalla. Sa min duma zalla, ba ruwa ba magana. Zan rufe ido. Ka juya wayar lokacin da ka ga dama, ni zan faɗa maka sanda ta cika. In na faɗa daidai, daga yau kada in sake ganin babur ɗinka a ƙofar gidan da na yi aiki."

"Yaya, don Allah a bar maganar nan."

"Ni ne gaba da kai ko kai ne gaba da ni?"

Auta ya ɗauki rimot. Mai Kunne ya jingina, ya ɗora hannuwansa a cinya don kada a ce ya taɓa wani abu, ya rufe ido. Kujerar mai laushi ce, kafet ɗin mai kauri, babu abin da ke zuwa masa ta jiki. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya saurara. Gunji ne kawai, wanda ya kwana da shi ya tashi da shi. Ya roƙi Allah a zuciyarsa, sau ɗaya tak, ko na daƙiƙa ɗaya. Can sai ya ji kamar gunjin ya yi kauri, kamar ya sauko ƙirjinsa. Ko ji ya yi, ko so ya yi ya ji, shi kansa bai sani ba. Ya dai san tsawon lokacin da juya waya biyu yake ɗauka, kuma lokacin ya yi.

"Yauwa," ya ce da ƙarfi. "Ga ta nan. Yanzu ta cika."

Ya buɗe ido.

Fuskar amfilifaya baƙa ƙirin, a kashe take. Auta ya kashe ta kafin ya taɓa waya, kamar yadda kowane mai hankali yake yi. Yana durƙushe, bakin wayoyin biyu a tsakanin yatsunsa, ko ɗaya bai ɗaura ba, hawaye na bin gemunsa. A bakin ƙofar falo dattijuwar tana tsaye da faranti da kofuna biyu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Mai Kunne ya daɗe yana kallon wayoyin nan. Sannan ya juya wajen dattijuwar.

"Mama, ki yafe min maganar jiya. Kunnenki lafiyarsa lau. Nawa ne ya tafi."

Ta ajiye farantin a kan tebur. Ta zo gabansa sosai, ta tsaya inda zai ga bakinta, ta ce, "Na yafe, ɗana. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya zagaya bayan doguwar sifikar inda ƙanensa yake. Wurin da duhu, ga matsi tsakanin bango da katako. Auta ya matsa zai ba shi wuri, ya miƙo masa wayoyin da hannu biyu. Mai Kunne bai karɓa ba. Ya sunkuya ya ɗauki tocilar daga ƙasa, ya goge ta da rigarsa, ya kunna.

"Ɗaura," ya ce. "Ni zan haska maka."